Babi na Shida: Abin da Gara Ta Rage

A ƙuryar ɗakin kakata, a Wonaka, akwai wata adakar ƙarfe da aka ɗora kan duwatsu huɗu don kada gara ta same ta. Ba a buɗe ta sai da dalili: ko za a aurar da yarinya, ko damina ta ɗauke ana so kaya su sha iska. Ina ɗan shekara goma sha biyu na fara leƙa cikinta. Ƙamshin kafur da na tsohon turaren wuta ne suka fara dukan hancina. A sama atamfofi ne da mayafai, a tsakiya farin da ta tanada don likkafaninta, a can ƙasa kuma wani zane mai nauyi, shuɗi mai duhu da ɗigo-ɗigon fari kamar gashin zabo. Na kai hannu, ta buge shi.

"Tahi ka wanko hannunka tukuna. Wanga zane ya girme ubanka."

Da na dawo ta shimfiɗa mini shi a cinya. Ashe ba ƙyalle ɗaya ba ne, sawaye ne sirara aka jera aka haɗa da ɗinkin hannu, ɗinkin da sai ka ɗaga zanen a rana kake ganin sa. Na ce, "Iya, wa ya yi shi?" Ta ce ita da mahaifiyarta suka kaɗa zaren, rani guda cur, aka kai marina, sannan aka ba wani masaƙi da ke zama gindin wata ceɗiya. Ta faɗi sunansa, har ta ce Allah shi jiƙan shi. Ban riƙe sunan ba. Yaro ne ni, abokaina na jirana a waje da ƙwallo.

Hannu nawa ke cikin zane guda

Auduga ba baƙuwa ba ce a Zamfara. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci ƙasar a littafinsa da aka buga a 1550, ya ce tana da yalwar shinkafa da gero da auduga. In an tsinko ta daga gona, aiki ya koma hannun mata. A gurje ta a kan dutse da ɗan ƙarfe a fitar da angurya, a shiɓe ta da ɗan baka har ta yi laushi kamar kumfa, sannan a zauna kaɗi, mazari na juyi, ana dangwalar alli a yatsu don kada zare ya zame. Zare iri biyu ake fitarwa: siriri mai ƙarfi wanda za a miƙe a tsaye, da abawa mai kauri da taushi wadda za ta riƙa ratsa shi.

In mai launi ake so, zare sai ya biya ta marina. A zuba baba da toka da katsi a rijiyar rini, a bar su kwanaki su tsima ana motsawa. Zare ya shiga ya fito kore-kore, iska na bugun sa ya koma shuɗi a gaban idonka. A shanya, a sake tsomawa, har ya kai duhun da mai kaya ke so. Daga nan sai wadari, masaƙi ya kafa turaku yana kai da komo har ya sami tsawon da yake buƙata. Ya zura zaren a allera da matsefi, ya ɗaure ƙarshensa a kunkuru, wato dutsen nan da ake ɗorawa kan ɗan katako can nesa, wanda ke matsowa sannu a hankali yayin da saƙa ke ci. Ƙafa na taku, hannu na jefa ƙoshiya dama da hagu, kwarkwaro na warwarewa a cikinta. Mata kuma suna da tasu masaƙar ta tsaye a cikin gida, mai fitar da ƙyalle mai faɗi.

Kowace saƙa da sunanta. Akwai fari, akwai saƙi irin na kakata, akwai barage mai ratsin jan alharinin da ayari ke kawowa ta hamada daga Tarabulus, akwai tsamiya wadda ake samu daga saƙar wata tsutsa, akwai gwado da luru na rufa da hunturu, akwai ɗan Kura na rawani wanda mabuga ke bugawa da shuni har ya riƙa ƙyalli kamar ƙarfe.

To, ina duk suka tafi? Bahaushe don jiki yake saƙa, jiki kuwa cin tufa yake yi. Riga ta fita daga wuyan maigida ta koma na ƙanensa ko baransa. Zane ya tashi daga na fita biki ya koma na zaman gida, ya zama majanyi, ya zama shimfiɗar jariri, ya zama gammo, ya ƙare a tsumman sauke tukunya. Farin zugu kuwa ƙasa ake kai shi tare da mai shi. Abin da ya kuɓuce wa wannan, gara da asu da laimar damina da gobarar hunturu suna jiran sa. Shi ya sa a ƙasar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana saƙa, da wuya ka shiga gida a nuna maka tufar da ta haura shekara ɗari.

Bargon sarki a kan dankali

Na daɗe ina zaton Turawa mutane ne masu tattali tun fil azal, mu ne masu sakaci. Labarin saƙar bango ya warware mini wannan zato.

Fadodin sarakunan Turai na dutse ne, sanyi kuma ratsa dutse yake yi, don haka suka riƙa rataya manyan barguna na ulu daga rufi har ƙasa. Amma ba a barin bargo fayau. Mai zane zai zana labari daidai girman abin da za a saƙa, a ajiye zanen bayan zaren tsaye, masaƙa su zauna a jere suna bin sa. Zaren kwance ba ya ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan kamar namu. Kowane launi da nasa ɗan kwarkwaro, ya je iyakar inda launin ya tsaya, ya juyo. Da haka fuskar mutum da ƙafar doki da ganyen itace ke fitowa, zare bayan zare. Ƙwararren masaƙi kan shafe wata guda bai wuce murabba'in mita ɗaya ba, in aikin mai ƙanƙanta ne ma ba ya kai haka. Garuruwan Arras da Tournai da Brussels su suka yi suna a wannan sana'a. Sarki Henry na Takwas na Ingila ya mutu a 1547 ya bar irin waɗannan saƙe-saƙe fiye da 2,000. A Faransa an kafa masaƙar Gobelins a Paris a 1662 domin fadar Sarki Louis na 14, tana nan tana aiki har yau.

Ga abin da ya sami mafi girma daga cikin tsofaffinsu. A wajen 1377 Louis na Ɗaya, mai mulkin ƙasar Anjou, ya sa a saƙa masa labarin tashin duniya kamar yadda ya zo a littafin Kiristoci. An gama a wajen 1382, tsawonsa kimanin mita 140. A 1480 ya koma mallakar babban cocin garin Angers. Da ƙarni na 18 ya zo ƙarshe, yayinsa ya wuce, juyin juya halin Faransa kuma ya hargitsa komai, sai aka yayyanka shi. Wani yanki aka riƙa rufa wa itatuwan lemo saboda sanyi, wani aka kai barga, wani ya zama abin goge ƙafa. A 1843 aka sa abin da ya saura a kasuwa, babban limamin cocin garin ya saye shi a kan faran 300, wani malamin coci mai suna Joubert kuma ya bi gida-gida da barga-barga yana tattaro guntaye ana haɗawa. Yau kimanin mita 100 ne ke rataye a wani dogon ɗaki mai duhu a fadar Angers, mutane na biyan kuɗi su gani.

Haka nan saƙe-saƙe bakwai na farautar wata dabbar almara mai siffar doki da ƙaho ɗaya a goshi, waɗanda aka yi a wajen shekara ta 1500. Lokacin juyin juya hali an kwashe su daga gidan masu su a Verteuil, manoma suka riƙa rufe dankali da su don kada ƙanƙara ta lalata shi. A 1922 attajirin nan na Amurka, John D. Rockefeller ƙarami, ya sayi shida daga cikinsu a kan kuɗi kusan dala miliyan ɗaya. Suna gidan tarihin Cloisters a New York. Ko shahararren ɗinkin Bayeux, mai tsawon kusan mita 70, wanda ke ba da labarin yadda aka ci Ingila da yaƙi a 1066, saura ƙiris a 1792 a mai da shi murfin keken kayan soja, wani mutumin garin ya hana.

Ashe su ma sun yi gammo da kayan kakanninsu. Abin da ya cece su bai wuce biyu ba: takardun lissafi da ke nuna wane ne ya ba da aiki, yaushe, nawa ya biya, da kuma mutum ɗaya ko biyu a kowane zamani da suka tsaya suka ce wannan ba tsumma ba ne.

Akwai wani abu da marinin Ƙofar Mata ta Kano zai gane da kallo ɗaya in ya shiga waɗannan ɗakuna. Ganyen itatuwa a tsofaffin saƙe-saƙen Turai shuɗi ne, ba kore ba. Dalili shi ne kore haɗi ne na shuɗi da rawaya. Rawayan ya koɗe da hasken ɗaruruwan shekaru, shuɗin ya tsaya. Shuɗin nan daga wani ganye nasu aka samo shi, amma sinadarin da ke cikinsa shi ne wanda ke cikin babanmu.

Ƙasar da tufa ta fi zinariya

A ɗaya gefen duniya, a ƙasar Peru, hamada ce ta yi aikin da takardu suka yi a Turai. Gaɓar tekun ƙasar busasshiya ce ƙwarai, akwai wuraren da akan shekara ba a ga ruwan sama ba, mutanen da kuma da tufafi masu yawa suke binne mamatansu. A wani tudu mai suna Huaca Prieta an tono guntayen saƙar auduga, a 2016 masu bincike suka bayyana cewa rinin baba ne a jikinsu, shekarunsu kuma sun kai 6,000. Ba a san wani rinin baba a duniya da ya girme su ba.

A 1927 wani masanin tarihi ɗan ƙasar, Julio C. Tello, ya tono wata maƙabarta a yankin Paracas, ya sami gawawwaki 429, kowace a zaune, an naɗe ta da mayafi kan mayafi har ta zama ƙunshi. Mayafan sun kai shekara 2,000, amma jansu da shuɗinsu kamar jiya aka rina. Wasu na auduga ne, adon kuma da gashin dabbobin tsaunukan Andis aka yi shi, irin su alfaka, dangin raƙumi ne ƙanana marasa tozo.

Daular Inka, wadda Sifaniyawa suka tarar a 1532, ita ce ta kai tufa matsayin da zai ba Bahaushe mamaki, ya kuma tuna masa da gida. Suna da wata saƙa mai laushi da suke kira kumbi, wadda gaba da bayanta duk ɗaya ne wajen kyau. Masu yin ta mutane ne na musamman, maza ƙwararru da mata zaɓaɓɓu da aka keɓe. Talaka na biyan wani ɓangare na harajinsa da saƙa, rumbunan gwamnati cike suke da tufafi, soja da tufa ake sallamar sa. In sarki ya ci ƙasa da yaƙi, sai ya ba shugabanta riga, karɓar rigar nan kuwa ita ce mubaya'a. Wanda ya taɓa halartar naɗin sarauta a fadar Sarkin Katsinan Gusau ko ta 'Yandoton Tsafe, ya ga an yafa wa mutum alkyabba an naɗa masa rawani ya tashi da wani matsayi daban, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sifaniyawa zinariya suka zo nema, suka narke abin da suka samu. Su kuwa Inka, in yaƙi ya ci su za su ja da baya, rumbunan tufafi suke cinna wa wuta don kada su faɗa hannun abokan gaba. Ɗaya daga cikin rigunan sarauta da suka tsira tana gidan tarihin Dumbarton Oaks a Washington, jikinta duk ƙananan murabba'ai ne masu alamomi iri-iri.

Sai dai kabarin da ya adana kaya shi ya jawo ɓarayi. A farkon shekarun 1930 wani ƙaramin jakadan Suwidin a Peru, Sven Karell, ya fitar da tufafin Paracas a ɓoye zuwa birnin Gothenburg. Guda 89 suka zama mallakar birnin. A 2008 gidan tarihin da ke riƙe da su ya baje kolinsu, ya kuma faɗa a fili cewa na sata ne. A 2014 aka fara mayar da su gida.

Namu da ke hannun wasu

Ba sai an je Turai ko Peru ba kafin a ga saƙar ulu ta ratayawa. A ƙasar Mali, inda kogin Kwara ke malala ya zama fadamu da tafkuna, Fulani na kiwon tumaki masu gashi, suna kuma da zuriyar masaƙa da ake kira maabuuɓe. Su ke saƙa bargon kaasa, wanda fatake suka riƙa kaiwa har Asante, da kuma arkilla kerka, dogon labule mai ja da baƙi da fari da ake ratayawa a gadon amarya, ya zama ado ya kuma tare sauro. Manyan gidajen tarihi na Landan da Paris da New York duk suna da shi. Dangin wannan bargo ne tsofaffinmu ke kira sakala, wanda ke zuwa mana daga yamma. A Malin dai, cikin kogunan dutsen Bandiagara, masu bincike daga Holan sun tono tufafin mutanen Tellem a shekarun 1960 zuwa farkon 1970, wasu tun na ƙarni na 11. Sawaye ne sirara da aka haɗa da ɗinki, shuɗi da fari. Da za a ajiye ɗaya kusa da zanen kakata, sai a ce 'yan gida ɗaya ne.

Mu a ƙasar Hausa ba mu da kogon dutse irin wannan, ba ma binne mamaci da kaya in ban da likkafani. Saboda haka mafi yawan tsofaffin tufafinmu da suka tsira, baƙi ne suka tafi da su. A 1841 wata tawagar Ingilishi da ta hau kogin Kwara ta sayi ƙyallaye a kasuwar Egga ta ƙasar Nufe, suna gidan tarihin Birtaniya har yanzu. A 1851 Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa kuwa shi ne saƙa da rini. Ya rubuta cewa tufar Kano na kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus a arewa, tana kaiwa Tambutu a yamma, har bakin tekun Atilantika. Ya ƙiyasta kayan raƙuma 300 ke zuwa Tambutu kaɗai a shekara, darajar sana'ar baki ɗaya kuma ta kai wuri miliyan 300. Daga wannan zamani zuwa zuwan Turawan mulki, riguna masu aska biyu da aska takwas da tambari suka yi ta tafiya Landan da Balin da Paris, wasu saye, wasu kyautar sarakuna, wasu ganima. A 1976 David Heathcote, malami a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wanda ya daɗe yana zama da maɗinka, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan.

A can ana kula da su kamar ƙwai. Ba a bari haske mai ƙarfi ya taɓa su, ana auna laimar ɗaki dare da rana, ba a ninke su sai dai a naɗe ko a shimfiɗe, in an baje su wata uku ko shida sai a mayar da su duhu su huta. Amma ka duba 'yar takardar da ke gefen gilashi. Za ka ga an rubuta: Hausa ko Nufe, Arewacin Najeriya, ƙarni na 19, sai sunan Baturen da ya kawo. Matan da suka kaɗa, da masaƙin, da marinin, da mabugin, da malamin da ya zana aska, da maɗinkin da ya shafe watanni a kanta, babu ko ɗaya. Riga guda takan ratsa hannun mutum shida ko bakwai a garuruwa biyu ko uku, amma wanda ya ninke ta ya sa a akwati shi kaɗai tarihi ya riƙe.

Yadda ƙoshiya ta yi shiru

Masaƙanmu ba su faɗi da wuri ba. A 1902 masu masaƙun Lankasha suka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya, wato BCGA, da fatan Arewacin Najeriya zai ciyar da injinansu. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai lissafi ya ƙi fita: masaƙan gida sun fi kamfani biyan kuɗi mai kyau a kan auduga, manoman Kano kuma suka ga gyaɗa ta fi riba. Sai hankali ya koma kudancin Katsina da arewacin Zazzau da gabashin lardin Sakkwato. Aka raba irin Amurka mai suna Allen, aka buɗe fuloti-fuloti na awo, aka kafa injinan gurza a irin su Funtuwa da Gusau. Jirgi ya iso Gusau a 1927, garin ya zama matattarar auduga da gyaɗa. Audugar da a da take tsayawa a taskirar mata, yanzu buhu take shiga ta hau jirgi, ta dawo mana a matsayin akoko da alawayyo da atamfa.

Bayan haka muka sami namu injinan. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, a shekarun 1960 aka buɗe masaƙar Zamfara a Gusau, samari daga ƙauyukan kewaye suka sami aikin albashi. Yadin inji ya fi araha, ya fi sauƙin wanki, yarinya kuma ta daina koyon kaɗi, in babu zaren hannu kuwa masaƙi ya rasa abin yi. Daga baya injinan su ma suka yi shiru, saboda rashin wutar lantarki da tsadar man inji da kayan waje masu arha da ake shigowa da su ta kan iyaka. Yau manomin auduga a Wonaka da yadin Sin yake zuwa Idi. A 'yan shekarun nan kuma an ƙara mana wata gara: ƙauyukan da rashin tsaro ya tasa a yankunan Gusau da Tsafe da Bungudu. Wanda ya gudu cikin dare yara yake ɗauka da ɗan hatsi, adaka sai dai a bar ta.

Suna a bakin zane

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ni ma ba kira nake a koma mazari a tufatar da mutanen jiha guda ba. Abin da nake nufi ya fi haka sauƙi. A 1528 hukumar birnin Brussels ta kafa doka cewa duk babbar saƙar bango sai an saƙa alamar gari da ta mai masaƙa a bakinta. Don hana jabu aka yi dokar, amma albarkacinta yau ana iya ɗaga gefen bargo mai shekara kusan 500 a ce daga gidan wane ya fito. A Peru, wata masaƙiya 'yar garin Chinchero, Nilda Callañaupa, ta jagoranci kafa cibiyar saƙar gargajiya a Kusko a 1996. Tsofaffin mata na koya wa yara salon da ya kusa ɓata, kowane abin da aka sayar kuma da 'yar takarda mai sunan wadda ta saƙa da ƙauyensu. A Yamai, gidan tarihin Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959, ya ware wa masu sana'a wuri a cikin harabarsa, mai ziyara ya ga bargo a bayan gilashi, ya fito ya ji ƙarar ƙoshiya. Muna da Gidan Makama a Kano, muna da gidajen tarihi a Kaduna da Jos da Sakkwato, muna da jami'ar tarayya a Gusau tun 2013, cike da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundi a kai. Tsofaffin da suka yi kaɗi da hannunsu suna nan da sauransu, amma kullum raguwa suke.

Wanda ke da tsohon zane ko riga a gida, ga abin da zai iya yi ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Kada a sa shi a leda, don leda na tara gumi. A naɗe shi cikin tsohon farin ƙyallen auduga da aka wanke, a ɗaga akwatin daga ƙasa. In dole sai an ninke, a riƙa sauya wurin ninki, domin a nan zare ke fara karyewa. Kada a wanke shi da garin sabulu, kada a shanya shi a tsakar rana, inuwa ta isa. Sannan a ɗauki waya a je wurin tsohuwar da ta san shi, a tambaye ta: wa ya kaɗa, wa ya rina, wa ya saƙa, a wace unguwa, bikin wa aka fara ɗaura shi. A rubuta a takarda a ajiye tare da shi.

Bayan rasuwar Iya an raba kayan adaka, saƙin nan ya faɗa hannun wata goggona. Ta goyi 'ya'ya huɗu da shi, ba laifinta ba ne, don haka aka yi shi. Shekaru bayan haka na tambaye ta, ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da wani guntu da bai fi tafin hannu biyu ba, gefensa ɗaya gara ta yi masa baki. Na bi dattawan unguwa ɗaya bayan ɗaya. Sun tuna ceɗiyar, an sare ta. Sun tuna akwai masaƙa a gindinta, wani ya ce uku, wani ya ce biyar. Guntun yana wurina cikin farin ƙyalle, da takardarsa. Na rubuta Wonaka, na rubuta sunan Iya da na mahaifiyarta a layin masu kaɗi. Layin masaƙi na bar shi fili, kuma duk sanda na je gida ina sake tambaya.